Shago sun hana ni talabijin na biya kaɗan-kaɗan saboda tsohon bashi, in sa sunan matata?

"Salamu alaikum Kawu, don Allah a ɓoye sunana. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi anan Kano, albashina 130,000, mata ɗaya da yara uku. Wata biyu kenan tibi ɗinmu ya lalace, murya tana fita amma allon baƙi ƙirin, yanzu kullum yarana suna gidan maƙwabta suna kallo har an fara yi wa uwarsu habaici. Naje wani babban shagon kayan wuta naga mai inci 43, kuɗi hannu 300,000, sukace suna da tsarin biya kaɗan-kaɗan, in bada 90,000 sauran in riƙa biyan 47,000 duk wata har wata shida. Na haɗa 90 ɗin da ƙyar, aka cika fom aka sa BVN ɗina, ko minti goma ba ayi ba yarinyar tace kwamfuta ta ƙi ni. Gaskiya a 2023 na ci bashin 40,000 a wata manhajar bashi ta waya lokacin haihuwar autanmu, na biya 15,000 abu ya gagara, suka dame ni da kira har suka tura wa yayana saƙon cin mutunci, sai na cire layin na yar. Ƙarshen lissafin da na gani sunce 78,000 suke bina. Wani yaron shagon ya biyo ni waje yace in kawo BVN ɗin matata tunda tana ɗinki kuɗi na shiga asusunta, ko kuma in bada 20,000 akwai wanda zai goge sunana. Ita bata san da maganar tsohon bashin ba. Wanne zan yi a ciki? Baban Amira."

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya raya autan, Allah ya yi wa yaran albarka.

Kace wanne zaka yi a cikin biyun, toh amsata ko ɗaya, kuma ka ɗan yi haƙuri dani zan tsawaita saboda wannan wasiƙar taka ta mutum ɗari ce, kai dai kawai kayi ƙarfin halin rubutowa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma wanda ya ci bashi don matarsa na kan gwiwa babu mai hankalin da zai zage shi, ni ma da nine a wannan daren ban san me zan danna a waya ba. Inda ka kauce shine yar da layin nan, ka ɗauka ka rabu dasu, ashe layi ka yar, bashin yana nan a zaune yana jiranka, sai gashi kun haɗu a gaban yarinyar shago.

Bari in gaya maka abinda ya faru a cikin mintuna goman nan don kar ka riƙa jin haushinta, ita ba ruwanta, maɓalli kawai ta danna. Yawancin manyan shagunan nan ba su ke baka bashi ba, akwai kamfanin bada lamuni ko ƙaramin banki a bayansu, shi zai biya shago kuɗinsa cas a ranar, kai kuma ka koma kana biyan kamfanin, shi yasa kaga mai shago bai damu da fuskarka ko rantsuwarka ba. Shi kuma kamfanin kafin ya saki kuɗi sai ya leƙa rumbun da ake ajiye tarihin bashin mutane. A Najeriya guda uku ne masu lasisin Babban Banki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma tun 2017 akwai doka ta musamman akan aikinsu, Osinbajo ne ya sa mata hannu lokacin yana riƙon ƙwarya. Bankuna da kamfanonin bashi suna tura musu waye ya ci, nawa ya ci, ya biya akan lokaci ko ya yi kwana casa'in bai ce uffan ba, daga nan ake fitar maka da maki, galibi tsakanin 300 zuwa 850, in makinka ya yi ƙasa kwamfuta ta ƙi ka tun kafin mutum ya duba takardarka. Abinda ya ɗaure duk wannan kuwa shine BVN, wanda aka fara tun 2014 da yatsunka da hotonka, ko layi goma ka canza yatsa dai bazaka canza ba. Kuma irin wannan bayanin ba wata uku yake yi ya ɓace ba, doka tace a riƙe shi aƙalla shekara shida. Saboda haka ka daina tunanin in ka zaga wani shagon a Sabon Gari ko wani babban kanti zasu karɓe ka, rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma duk neman da kayi aka bincika ka yana fitowa a rahoton, mutum ya nemi bashi wuri biyar a sati ɗaya kamanninsa na wanda ruwa ya kusa cinyewa ne.

Maganar mai goge suna da 20,000 bazan ɓata maka lokaci akanta ba, damfara ce. Wanda ya kai sunanka shi kaɗai ne zai tura cewa ka biya, ko kuma in kuskure ne ka shigar da ƙorafi a rumbun su tuntuɓi mai bashin a gyara. Wani yaro a bakin shago bashi da wannan ƙofar, zaka bashi 20,000 da BVN ɗinka da ranar haihuwarka, mako mai zuwa wayarsa a kashe, in ka yi rashin sa'a ma ya ci wani bashin da bayananka.

Ta matarka ita ce ta tsaya min a rai, don ita ce zaka fi saurin faɗawa, ba sai ka fita ko'ina ba, cikin dare kace Maman Amira kawo lambar nan taki ta banki za'a cika wata takarda, ita kuma ta miƙo maka don ta yarda dakai. Ka sani ranar da ta sa hannu ko ta karanto lambar sirrin da aka turo mata a waya, bashin nata ne ba naka ba, a takarda kai baƙo ne, ɗan kallo ne kamar su Amira. Za'a ɗaura cire kuɗi kai tsaye akan asusunta, asusun da mata ke turo mata kuɗin yadi da leshi da kafin alƙalami na ɗinkin biki. Kai da bakinka kace makarantar kuɗi kake koyarwa, toh ni na san makarantun nan, akwai watan da iyaye basu biya ba mai makaranta yace a yi haƙuri sai ranar goma, akwai dogon hutu da wasu ke bada rabin albashi wasu ma su ƙi bayarwa. Kamfanin bashi bai san hutu ba, ranar da aka rubuta ranar zai zara, in ya tarar da 47,000 na amarya da ta turo a sayo mata shadda shi zai ɗauke, sai Maman Amira ta wayi gari da alat ɗin fita, ga mai kaya tana kira, ga ita bata ma san dalilin da yasa ba sunanka aka sa ba tun farko. In bai tarar da kuɗi ba kuma tara ta fara hawa, kira ya fara shigowa wayarta, sunanta ya bi naka zuwa wancan rumbun, gida ɗaya ya zama mutum biyu kwamfuta na ƙi. Kuma tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya fito da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankuna damar bin BVN ɗin wanda ya ƙi biya su ɗebo haƙƙinsu daga asusunsa na wasu bankunan, in dai ya sa hannu akan haka lokacin karɓar bashin, kuma galibi yana cikin ƙananan rubutun nan da babu mai karantawa. Kenan ko ɗan abinda ta ɓoye a wani bankin don ranar tsiya ba lallai ya tsira ba.

Ni ba labari aka bani ba. Shekarun baya na tsaya wa wani abokina ya ɗauki firji a irin wannan tsarin, mutumin kirki ne wallahi har gobe, ba mayaudari bane, aikinsa ne ya tsaya a wata na uku, ni na biya ragowar wata ukun, ban taɓa shan ruwan sanyin firjin nan ba, kuma abinda yafi kuɗin ciwo shine yadda ya koma yana canza hanya in ya hango ni. Wannan aboki ne, muna iya yin shekara bamu haɗu ba. Kai kuma gado ɗaya kuke kwana.

Ban ce haramun ne mace ta sayi tibi da sunanta ba, kuɗinta ne, in ta ga dama ta saya ta kafa a ɗakinta babu mai cewa don me. Amma sai ta san gaskiya, ta san an ƙi mijinta ne saboda bashin da bai biya ba, sannan ta zaɓa da idonta a buɗe. Ka karɓi lambarta kana ɓoye mata wannan, cin amana ne ko da niyyarka kyakkyawa ce. Kuma ka bar ganin kamar in ka faɗa mata girmanka zai zube, bashin nan fa na haihuwarta ne, ba caca kayi dashi ba, ba wata ka kai wa ba. Ina kyautata zaton abinda zai ɓata mata rai shine shekarun da kayi kana ɗauke dashi kai kaɗai, kuma kar kayi mamaki in tace ai ta sani, yayanka da aka tura wa saƙo yana da mata, matan gida kuma ka san su.

Yanzu ɗauko biro, kai malami ne. 47,000 sau shida 282,000, ka haɗa da 90,000 ɗinka ya zama 372,000, akan kayan da kuɗinsa hannu 300,000. Ƙarin 72,000 kenan. Wani zai ce ai kashi 24 ne cikin ɗari ba laifi, toh ba haka ake lissafin ba, ai ba 300,000 suka ranta maka ba, 210,000 ne tunda ka riga ka ajiye naka, kenan ƙarin ya haura kashi 34 a wata shida kacal. Kuma ko 210,000 ɗin ba wata shida yake yi a hannunka ba, duk wata kana mayar musu da wani ɓangare amma ƙarin yana nan a lissafe kamar baka biya komai ba, in aka yi lissafin akan ragowar da ke kanka wata-wata ruwan yana kaiwa wajen kashi 9 a wata, a shekara ya wuce ninki. Ban sa kuɗin fom ba, ban sa inshora da wasu ke liƙawa ba, ban sa tarar latti ba. Sannan 47,000 a cikin 130,000 ya haura kashi ɗaya bisa uku na albashinka, saura 83,000, a ciki za'a ci abinci a gida mai baki biyar, a hau adaidaita, a sayi katin wuta da gas, a biya kuɗin Islamiyya, ba'a maganar haya ko wani ya kwana da zazzaɓi. Mutumin da 40,000 ta gagare shi a 2023, kafin shinkafa da fetur su kai inda suka kai, shine zai ɗauki 282,000 yanzu? Kar kaji haushi, kwamfutar nan da ta ƙi ka bata yi maka sharri ba, lissafin da ya kamata kayi a gida ne ta yi maka a shago.

Nasan a ranka akwai tambayar halal da haram ko baka rubuta ba. Ni ba malamin fatawa bane, amma abinda yake sananne shine jumhurun malamai sun halatta ɗan kasuwa ya sayar da kayansa bashi da farashin da ya ɗara na kuɗi hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun a wurin ciniki kuma bazai ƙaru ba in an yi latti, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, kuma a nan ɗin ta ce ƙara wa wanda ake bi bashi kuɗi don ya makara riba ce, wato kuɗin ruwa da aka haramta. Inda gizo ke saƙa shine waye yake sayar maka. In mai shago ne da kansa yace kayana ne, wata shida, 372,000, ba ƙari ba tara, wannan ciniki ne, tsada ce kawai. In kuwa wani kamfani ne ya ranta maka 210,000 ka mayar masa 282,000 ba tare da ya taɓa mallakar tibi ɗin ba, wannan kuɗi ne ya haifi kuɗi, ko wane suna aka raɗa masa a allon talla. Ka karɓi takardar ka kai wa malamin da ka yarda dashi ya karanta. Bankunan da basa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna da tsarin murabaha, su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, amma kar ka ɗauka can ne mafaka, suma suna leƙa rumbun nan kafin su ba kowa, kuma galibi sai albashinka yana shiga ta wurinsu. Haka shirin bashin kayan masarufi na gwamnatin tarayya da aka kafa a 2024, CREDICORP, ta hannun bankuna da kamfanonin bashi yake bi, kaga duk inda ka juya tsohon 40,000 ɗin nan yana tsaye a bakin ƙofa. Kuma tunda mun shigo addini, kar mu ɗauki ɓangaren da ya mana daɗi mu bar ɗayan, uwar kuɗin da ka ranta haƙƙi ne a wuyanka ko da masu bashin sun yi rashin mutunci, kuma yanzu kana da halin biya tunda ga 90,000 a aljihunka.

Wannan 90,000 ɗin ita ce duk maganar, ka daɗe baka riƙe irinta a dunƙule ba kuma ba lallai ka sake haɗa ta nan kusa ba, saboda haka kar ta tafi a kafin alƙalamin sabon bashi. Gobe in ka taso daga makaranta abu na farko ka kunna tsohon tibi ɗin nan a ɗaki mai duhu ka haska allon da tocilan ɗin wayarka dab da gilashin, in kaga hoto dishi-dishi yana motsi a ciki toh allonka lafiyarsa ƙalau, fitilun da ke bayansa ne suka ƙone, kuma wannan ita ce cutar da tafi kama tibin zamani mai faɗi, murya na fita hoto babu, daidai yadda ka kwatanta. Masu gyara suna canza su kullum, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabo ba. Ka kai wa mutum biyu suyi maka kuɗi, kar ka bari a buɗe sai an yi ciniki, kuma kace a canza layin fitilun gaba ɗaya ba a yi maka faci ɗaya-ɗaya ba, don faci wata biyu zai yi ka koma. In an gyara a rage hasken allon daga can ƙarshe, barinsa a ƙure shi ke cinye su. Ina mamakin yadda ka tafi neman bashin 372,000 wata biyu baka kai wannan wurin mai gyara ba, amma nasan dalili, idonka ya riga ya ga inci 43 a jikin bangon shago da hoton kifaye suna iyo, tsohon ya koma maka kamar kwali.

Sai tsohon bashin. Ka fara neman rahotonka daga ɗaya cikin rumbunan ukun, doka ta baka damar karɓar ɗaya kyauta a shekara, ana nema ta shafinsu na intanet, ka ga da idonka wa ya kai ka, nawa aka rubuta, ko akwai wani bashin ma da baka san dashi ba, don ana samun haka. Daga nan ka nemi kamfanin da kanka ta imel ɗinsu ko cikin manhajar, ba ta lambar wani da ya kira ka yace shi wakilinsu ne ba. Ka rubuta musu gajere, na ci 40,000 na biya 15,000, ina so in rufe wannan bashin a wannan satin in zaku yafe tarar da kuka ɗora, nawa zaku karɓa? Bashin da ya shekara biyu a kwance sun riga sun fidda rai dashi, da yawansu suna sassautawa in sunga kuɗi a ƙasa, amma kar ka fara da faɗin abinda ke hannunka, kayi ciniki kamar kana Kwari. Duk abinda kuka daidaita akai su rubuto maka shi kafin ka tura ko naira, ka biya a asusu mai sunan kamfanin ba na wani mutum ba, ka ajiye risit, sannan ka matsa sai sun baka takardar shaidar cewa basa binka komai, wannan takardar tafi risit ɗin muhimmanci, da ita zaka koma wa rumbun bayan wasu makonni in baka ga an gyara ba. Ka sani fa biyan bazai share tarihin ba, zai dai koma an biya maimakon ana binsa, makin kuma a hankali yake hawa ba dare ɗaya ba, duk wanda yace maka sati ɗaya zaka koma fes ƙanin mai 20,000 ne.

Saƙon da suka tura wa yayanka kuwa basu da hurumin yinsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tun Maris ɗin 2022 ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan a Legas, ta tilasta musu rajista, tana da jerin waɗanda ta amince dasu a shafinta kuma tana karɓar ƙorafi, Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan wayar mutane. In suka sake gwada barazana ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara, kuma ka faɗa musu zaka kai, yana sa muryarsu ta sauko.

Toh mu ce an daidaita a 50,000, saura 40,000 a hannunka, in tibi ya gyaru shikenan an rufe babi yara sun dawo gida. In bai gyaru ba, ko kuma ranka dai sabon yake so, ai kai kace zaka iya fitar da 47,000 duk wata, bismillah, fitar da ita, amma ka biya kanka. Wata shida 282,000, da ragowar 40,000 ya zama 322,000, ka shiga shagon nan ka ajiye musu 300,000 kuɗi hannu har ka nemi ragi, canjin ka sayi sitabilaiza ko abin kare ƙarfin wuta, wata shidan dai da zaka yi kana bautar kamfani ita ce, bambancin kawai babu bashi a kanka, tsoho ko sabo. Ko da sun kafe sai 78,000 ɗin su duka, wata ɗaya kawai zaka ƙara. In kuma a wata na biyu kaga 47,000 ɗin ta ƙi fita, toh ka gode Allah da ka gano haka a cikin ɗakinka ba a wayar Maman Amira ba.

Zaka ce Kawu kafin wata shida kuɗin kayan ya tashi. Wannan magana ce ta gaskiya bazan raina ta ba, duk mun ga abinda ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan wuta suka yi tashin gwauron zabi, wanda ya jira a lokacin ya yi kuka. Amma ka duba, sai tibin nan ya tashi daga 300,000 ya wuce 372,000 a cikin wata shida kafin jira ya zama asara, kuma ko ya tashi kana da zaɓin sauka zuwa inci 32 ko wani kamfanin mai sauƙi, wanda ya sa hannu a takarda bashi da zaɓin komai. In tsoron tashin ne ya dame ka akwai shagunan da zaka riƙa ajiye kuɗi a wurinsu a tsayar maka da farashi sai ka cika ka ɗauka, amma sai shagon da ya daɗe a wurin, kuma kowane biya da risit mai ɗauke da samfurin tibin da farashin da aka tsayar, don in mai shago ya tashi da kuɗinka babu inda zaka kama. Ni dai nafi natsuwa da adashin malaman makarantarku in kuna yi, ka roƙi a baka ɗauka ta uku ko ta huɗu, ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata in akwai, can ba kwamfuta ke yanke hukunci ba mutanen da suka san ka ne, sai dai fa kunyarsu tafi ta kamfani zafi. Na hannu ma ba abin kunya bane, sai dai a kunna maka shi ya daɗe, a sa farin hoto da baƙi ka duba layi ko tabo, kaga duk ramukan waya suna aiki, kuma in don YouTube ɗin yara kake son mai intanet, ɗan ƙaramin akwatin da ake maƙalawa a baya yana mayar da kowane tibi haka da kuɗi kaɗan.

Habaicin maƙwabta kuma nasan shi ne ainihin abinda ya kai ka shagon nan, ba kallon ba, namiji yaji ana yi wa matarsa magana akan abinda shi ya kamata ya kawo, akwai zafi. Amma gara habaicin babu tibi da ace masu bashi sun fara kiran Maman Amira tana tsakiyar mata a gidan suna. Kafin a gyara ka tsayar wa yaran lokaci, kar su wuce magariba a gidan mutane, kuma ka bar uwarsu ta san cewa akwai ranar da aka sa, mace in ta san lissafi ita zata fi ka riƙe shi, wataƙila ma ita ya kamata ka riƙa damƙa wa 47,000 ɗin, don ni ban yarda da aljihunka ba a satin ƙarshe na wata.

Yau da daddare bayan yara sun yi barci ka zaunar da ita ka fara daga daren haihuwar auta. Gobe kuma tocilan. Ka rubuto min abinda ka gani a allon, da abinda masu bashin suka ce zasu karɓa, kafin ka tura musu komai.

Kawunku